Cunkoson Fayiloli a Sabar Samaru

Takalmansa na fara gani. Baƙaƙe ne, sau-ciki, an goge su har suna ɗaukar ido, an jera su kai da kai a bakin wata ƙofar ƙarfe da ke ƙarshen baranda. Ranar ce ranata ta farko a wurin aiki, ina biye da Madam, shugabar ma'aikata, tana nuna mini ofisoshi. Kafin mu isa ƙofar nan na riga na gama ƙera mai takalman a zuciyata: dogo, wankan tarwaɗa, mai kwantaccen saje, marar son magana. Na tashi a Samaru a gidan da littattafan soyayya ke yawo daga hannu zuwa hannu, yayyena mata su karɓo haya a kasuwa, ni in karance kafin su gama girki. A cikinsu na koyi cewa namiji mai aji takalminsa ake fara gani, sai ƙamshin turarensa, sannan shi kansa.

Madam ta ƙwanƙwasa. Ya buɗe, sanyin na'ura ya biyo shi tare da ƙamshin turare. Dogo ne, amma babu saje. Na gaishe shi har da ɗan rusunawa. Bai amsa ba, Madam ya duba.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Injiniya."

"Na ce a kawo mini wanda ya san aiki."

"An kawo maka wadda ta fi kowa cin jarrabawar ɗaukar aiki. Sauran kuma tsakaninka da ita."

Ya dube ni sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya koma ciki ya ja ƙofar.

Cibiyar tamu mai zaman kanta ce. Ana koyar da kwamfuta, akwai kuma manyan ɗakuna da ɗalibai ke zana jarrabawa a kan na'ura. Hedikwata tana Samaru, rassa kuma suna Sabon Gari, ɗaya a Chikaji, ɗaya a Basawa, ɗaya a Jushi. Bayan ƙofar ƙarfen nan babbar kwamfutar da muke kira saba take, ita ke kula da duk sauran. Kowace kwamfuta a rassa takan ƙirga manhajojin da ke cikinta, ta rubuta a fayil, ta aiko. A cikin sabar akwai wata folda da nake kira zaure, don nan fayilolin ke zama su jira. Sabar takan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ta karanta, ta zuba bayanin a rumbunta, ta sallami fayil ɗin. In komai lafiya, duk lokacin da ka leƙa zauren ba ka tarar da kowa.

Wannan ƙirgen ba ado ba ne. Kafin lokacin jarrabawa masu duba cibiyoyi kan zo, kuma abin da suke fara nema shi ne shaidar cewa babu kwamfutar da ke ɗauke da manhajar da ba a yarda da ita ba. Madam ta gaya mini tun ranar farko, ba ta ɓoye komai ba. Gwaji aka ɗauke ni. Ƙirgen manhajoji aikina ne. In masu dubawa suka zo rumbun yana cike da bayanin gaskiya, za a tabbatar da ni. In ba haka ba, a yi sallama cikin mutunci. Na daɗe a gida bayan bautar ƙasa, daga wanke-wanke sai shara sai sauraron maƙwabta suna tambayar Mama ko har yanzu shiru. Ban shirya komawa ba.

Teburina Injiniya ya sa aka ajiye a baranda, daidai inda bututun na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga. Mabuɗin ɗakin saba yana aljihunsa. Izinin shiga sabar ma rabi ya ba ni, ina iya gani, abin da zan iya taɓawa kaɗan ne. In na yi sallama ya amsa a ciki kamar mai ciwon haƙori. Wata rana jakata ta faɗi, littafin da nake karantawa a bas ya zamo. Ya sa ƙafa ya tura mini shi.

"Malama, nan ba shagon haya ba ne."

Daga ranar ya raɗa mini suna 'yar littafi, har masu gadi suka ɗauka.

Duk wannan bai dame ni ba da farko, don na san irinsa. Miskili ne, na ce. Babu littafin da babu shi: ya ɗaure fuska, ya yi wa yarinya tsawa, ya hana ta sakat, ashe a ƙarƙashin dutsen akwai ƙorama. Na riƙa tattara 'yan abubuwa ina ajiyewa. Ranar da ya ce in matsar da teburina kada ruwa ya jiƙa takardu, na kwana ina juya maganar. Ranar da ya dawo daga masallaci da ruwan alwala a girarsa, zuciyata ta yi wani irin tsalle da har yau ina tuna shi. Ina jiran babin da zai sauko.

Abin da ya sauko mini shi ne cunkoso. Da safe in na leƙa zauren sai in gan shi fes. Kafin azahar fayiloli sun taru dubbai. Kafin la'asar faifan sabar ya kusa cika, ita kuma tana ja da ƙyar kamar tirela mai lodin siminti a hawan gadar Kwangila. In na duba rumbun bayanai, kwamfutoci da yawa babu labarinsu, waɗanda ke da labari kuma tsoho ne. Washegari da safe zaure fes. Sai in ce alhamdulillahi, ta narkar da su kafin gari ya waye. Amma rumbun yana nan yadda yake, bai ƙaru da komai ba.

Na yi duk abin da aka koya mini. Na tsayar da sashen da ke karanta fayilolin na sake tayar da shi. Na duba ko manhajar kashe ƙwayoyin cuta ce ke riƙe su tana bincike, na sa ta ƙyale zauren. Na duba lafiyar rumbun. Na rage yawan aiken, maimakon kullum na mayar da shi jefi-jefi. Kamar ana zuba ruwa a kwando. Sabar tana da rubutun da take yi na abin da take ciki, a nan na ga tana ta maimaita ƙorafi iri biyu. Na farko, wannan rahoto bai dace da abin da na sani game da wannan kwamfuta ba, a sake aiko da cikakke. Na biyu, wannan fayil ya yi girma da yawa, na jefar da shi gefe. Ta faɗi ciwon, ba ta faɗi mafarinsa ba.

Na haɗiye girman kai na je na samu Injiniya.

"Yallaɓai, don Allah ka taɓa ganin irin wannan?"

"Ba ke kika fi kowa cin jarrabawa ba?"

"Tambaya nake yi, Yallaɓai."

"Duba a littafinki. Wataƙila a babi na gaba wani ɗan Alhaji zai zo da mota ya warware miki."

Kwana kaɗan Madam ta kira ni. Mace ce 'yar Wusasa, ta daɗe tana shugabancin makaranta kafin ta zo nan, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana.

"'Yata, Injiniya ya ce tun da kika fara taɓa sabar nan ta rikice. Ni ban san kan na'ura ba. Abin da na sani, masu dubawa sun kusa. Kina da abin cewa?"

Na ba ta haƙuri. Na fito. Duk da haka sai da na nema wa Injiniya uzuri. Na ce ai miskili ma yakan yi kuskure.

Damina ce a lokacin. Wata safiya hadari ya haɗo, yayana da ke aiki a Kaduna ya ce in shigo ya sauke ni kafin ruwa ya tsuge. Na isa ina zaton na riga kowa, ban da mai gadi. Ƙofar ƙarfen a buɗe take kaɗan. Na leƙa. Injiniya yana zaune gaban allon sabar, zauren a buɗe cike maƙil da fayilolin jiya. Ina kallo ya zaɓe su gaba ɗaya, ya danna, suka ɓace.

"Yallaɓai! Goge su kake yi?"

Bai ko firgita ba.

"Shara nake yi. In kin iya hana su taruwa, hana."

"Ashe ba narkar da su take yi ba. Kullum kai ne?"

"Da ban yi ba da faifan ya cika tuni, sabar ta tsaya, kowa ya huta."

"Amma gogewar tana ƙara abin! A cikinsu akwai ƙananan rahotanni na abin da ya canza tun jiya. In sun ɓata, na gaba ba zai dace ba, dole ta ce a sake aiko da cikakke. Kana kashe wuta da kananzir."

Sai ya juyo. A littafi, nan ne wurin da miskili kan riƙe hannun gyalen yarinya, idanunsa su kaɗa, ya ce akwai abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Na tsaya, har numfashina na riƙe.

"Fita ki ja ƙofar," ya ce. "Sanyi na zirarewa."

A barandar nan, ruwan sama na dukan kwano, bututu na ɗiga a gefen teburina, na gane babu wata ƙorama. Dutse ne har ƙasa. Abin da na ji game da shi daga ranar ba shi da suna mai daɗi.

Haushi ya buɗe mini ido. Na daina kallon zauren na koma kallon rumbun. Kowace kwamfuta tana da lambar shaida da sabar ke gane ta da ita, kuma ba a yin biyu iri ɗaya. Na zaɓi lamba guda na zuba mata ido yini guda. Da safe sunan wata kwamfutar Chikaji ne a kanta. Da hantsi ta koma ta Basawa. Bayan azahar ta zama ta Jushi, can kuma ta sake zama wata ta Chikaji daban. Kamar yaran unguwa guda su riƙa zuwa asibiti da kati ɗaya: likita ya duba ya ga jiya mai katin ɗan shekara uku ne, yau ya ga saurayi, dole ya ce a sake awo tun daga farko. Haka sabar ke yi, kowa ya zo ta ce a sake, kowa ya sake, wanda ya biyo baya ya rushe.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa Madam zan zaga rassa, na hau bas zuwa Sabon Gari, na shiga Keke zuwa Chikaji. Reshen yana tsakanin wata masaƙa da masu walda, ana magana ana ɗaga murya. Na kunna kwamfuta ta farko, na kunna ta biyu, na kunna ta goma. Hoto ɗaya ne a fuskarsu, wata ƙorama da duwatsu. Ciki kuwa kamar an buɗe akwatin lefe. Manhajar karatun Alƙur'ani da muryoyin alarammomi, ta waƙoƙin coci, ƙamus iri-iri, wasan ƙwallo, wasan tseren mota, manhajojin kallon fim har kala biyar, manhajar zanen gini, ta koyon tuƙi, abubuwan da ko sunansu ban taɓa ji ba. Kwamfutar jarrabawa ke nan. Shi ya sa fayilolin ke zuwa da ƙiba har sabar ta kasa ɗaga wasu.

Mai kula da reshen ya yi dariya da na tambaye shi.

"Ai duk daga shagon Alhaji suke. Sabuwa daga can, wadda ta lalace ma can ake kai ta. Alhaji ba ya sallamar na'ura da yunwa."

Ya kwatanta mini shagon, a layin masu kayan lantarki kusa da kasuwa. Na tarar da dattijo mai farin gemu, zaune kan benci tsakanin tulin allunan kwamfuta, da wata tsohuwar rediyo a saman kanta. Da ya ji daga inda nake fuskarsa ta washe. Ya sa aka kawo mini kunun aya mai sanyi, ya ba ni labarin yadda ya fara da rediyo, ya koma talabijin, zamani ya tura shi nan. Na tambaye shi yadda yake shirya kwamfutocinmu. Ya jawo wani gwangwanin alewa, ya buɗe, ya fito da faifan kwamfuta naɗe a ƙyalle.

"Ga uwa nan. Duk 'ya'yanku ita ta haifa. Da farko na ɗauki ɗaya daga cikin injunanku wadda aka riga aka tsara, na kwafe ta ɗungurungum don kada in ɓata muku tsari. Sannan na ɗora nawa a kai. Duk wadda ta zo, in kwafa mata uwa, shi ke nan."

"Naka kamar me, Baba?"

"Gyara mana. Kin taɓa sayen tumatir mai kaya bai ɗora miki biyu a kan kashi ba? Tun ina saurayi ban taɓa ba mutum kaya daidai kuɗinsa ba. Musulmi ya samu nasa a ciki, Kirista ya samu nasa, yaro ya samu na wasa. Sisi ba na karɓa a kai."

Na ajiye kofin. Na zaɓi kalmomi mafi laushi da nake da su. Na ce uwar ta kwafo har da lambar shaidar waccan kwamfutar ta farko, don haka duk 'ya'yan lamba ɗaya gare su. Na ce kayan da yake ɗorawa sun yi wa sabarmu nauyi, kuma masu duba jarrabawa ba za su yarda da su ba. Tun kafin in kai ƙarshe gemun ya fara rawa.

"Wato kyauta ce laifi?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"To me kike nufi? Kin sha kununa kin zo ki koya mini sana'a? Lokacin da nake buɗe cikin rediyo uwarki ma ba ta san hanyar makaranta ba. Kai jama'a, ku zo ku ji! An aiko yarinya daga Samaru ta ce alherina ne ya lalata musu inji!"

Maƙwabtan shago suka fara leƙowa. Wani ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, a bi dattijo a hankali." Ina neman hanyar fita sai ga mota ta tsaya, Injiniya ya fito rungume da wata kwamfuta. Bai gan ni ba sai da ya zo bakin shagon. Ya ajiye kayan, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, kansa a sunkuye.

"Baba, barka da yamma."

Mutumin da ko sallamata ba ya amsawa da baki buɗe.

"Yawwa, Allah ya kawo ka," in ji Alhaji. "Ke, ga mijin 'yata nan, shi ya yi karatun abin har ƙasar waje ake kiransa. Kai, gaya mata. Akwai abin da ke damun injunan da nake ba ku?"

 Ina kallon ƙeyarsa. 

"Babu, Baba. Lafiyarsu ƙalau."

"Kin ji ko?"

Na ji. Na kuma ga cewa babu abin da na gano yau wanda bai daɗe da sani ba. Na yi wa dattijon sallama, bai amsa ba. Ban kai bakin titi ba Injiniya ya cim mini.

"Wa ya aike ki nan?"

"Tun yaushe ka sani?"

"Na ce wa ya aike ki?"

"Aikina ya aiko ni. Tun yaushe?"

Ya duba baya ya tabbatar shagon ba ya jin mu.

"Uban matata ne. Shi ya kira ni ya ba ni ita lokacin ko keke ba ni da shi. Ni na kawo masa cinikin nan. Ke za ki iya duban tsabar idon surukinki ki ce masa alherinsa ɓarna ne?"

"Amma ka iya duban idon Madam ka ce ni ce."

"In an yi hutu zan bi injunan ɗaya bayan ɗaya in wanke su, ba tare da ya sani ba."

"Masu dubawa kafin hutu za su zo."

"Sai a roƙe su su ɗaga. An saba. A ce sabuwar ma'aikaciya ce ta yi kuskure."

"Ni kuma fa?"

Ya ɗaga kafaɗa.

"Ke gwaji kike. In kin tafi wata za ta zo. Shi kuwa ba ni da wani."

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Ba tsawa ya yi ba, a hankali ya faɗa, kamar mai faɗin farashin gero. A Keke hawaye suka zubo, masu zafi, na bar su. A gida babbar yayarmu ta ce in yi shiru, sirrin gidan mutane ne, kuma wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Na ce ita ma ta san ba asiri aka ce in rufa ba, kaina aka ce in miƙa a yanka.

Da safe na shiga ofishin Madam na ce ina da magana, amma sai yana nan. Aka kira shi. Na faɗi komai a gabansa, lamba ɗaya, uwa a gwangwani, sharar safiya, da abin da ya gaya mini bayan na fito daga shagon. Bai musa ko ɗaya ba. Ya kafa wa kalandar bango ido.

Madam ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi.

"Injiniya, ni ma ina da surukai. Har surukina ya rasu ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Na san abin da kake ji. Amma tun kakanni, abin da suruki ba zai iya faɗa ba, aike ake yi. Da ka zo ka gaya mini, ni zan je wurin Alhaji da goro, in ce doka ce daga sama, ba wanda zai ji kunya. Sai ka zaɓi 'yar mutane ka shimfiɗa a ƙasa don kada ƙafarka ta taɓa laka."

"Madam, ba ki san shi ba."

"Na san ka, ya isa. Kawo mabuɗin."

Ya ciro ya ajiye a tebur, bai miƙa mini ba. Ita ta turo mini shi. Ta kuma ce daga ranar ba za a sake kai na'ura shagon ba. A baranda ya tsaya daidai teburina.

"Kin ci, 'yar littafi. Allah ya ba ki suruki."

"Amin. Wanda ba zan zalunci kowa saboda shi ba."

Aikin da ya biyo baya ya ci ƙarfina. Na tsayar da ƙirgen gaba ɗaya. Na kwashe abin da ke zaure na ajiye gefe, don duk bayanin gauraye ne, ba shi da amfani. Na share lambar nan mai fuska da yawa daga rumbun. Sannan na bi rassa da masu kula da su, muna wanke kwamfutoci muna zuba musu abin da jarrabawa ke buƙata kawai, kowace ta karɓi sabuwar lambarta. Basawa ta fi ba ni wuya, wuta ba ta zama, sai mun jira a tayar da janareto. Na taƙaita wuraren da ƙirgen ke dubawa, don da har kwandon sharar kwamfuta yake leƙawa. Na raba wa rassa lokaci, kada a kawo wuta duka su yi aike lokaci guda. Injiniya yana zaune a ofis duk tsawon kwanakin, bai taɓa ko waya ɗaya ba. In na wuce ya kan ja tsaki ƙasa-ƙasa, ni ma na koyi mayarwa.

Ranar da na sake kunna ƙirgen, Jushi na fara buɗe wa hanya. Na zauna ni kaɗai a ɗakin sanyin nan na zuba wa zauren ido kamar mai jiran baƙon da ya yi alkawari. Fayil ya shigo, ɗan ƙarami. Kafin in ƙifta ya wuce. Wani ya shigo ya wuce. Na buɗe rumbun na ga sunaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da lambarsa, kowa a wurinsa. Na kifa kai a tebur na yi ta hamdala.

Masu dubawa suka zo, suka zaga, suka ɗauki abin da suke so suka tafi ba tare da ƙorafi ba. A makon Madam ta kira ni ta ce an tabbatar da ni, ta kuma sa aka shigar da teburina ciki.

Shirun Injiniya bai saya masa komai ba. Labari ya ishe mu cewa Alhaji bai ɗora laifin a kaina ba, a kan surukin nasa ya ɗora. Ya ce yana durƙushe a gabansa aka ci mutuncinsa, kuma yana zaune a ofis aka yanke masa ciniki bai buɗe baki ba. Aka ce ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. Mun ƙara 'yan watanni a ɗaki ɗaya ni da Injiniya, kujera kusa da kujera, ba mai ce wa wani ci kanka. In dole ta kama, sai ya rubuta a 'yar takarda ya manna a allona. Kafin shekara ta zagayo ya ajiye aiki. Ba a yi masa walima ba, ni ma ban tambayi dalili ba.

Na ji ya yi aiki a Kaduna na ɗan lokaci, bai daɗe ba ya dawo. Auren yana nan, har sun ƙara 'ya'ya. Da Alhaji ya rasu 'ya'yansa maza suka sayar da shagon, aka mayar da shi wurin sayar da wayoyi. Injiniya kuwa yanzu yana Basawa, kusa da bariki, yana da ɗan shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo. Bara na wuce ta wurin a Keke, muka tsaya sauke fasinja daidai ƙofarsa. Ya yi ƙiba, furfura ta cinye rabin kansa. Yana tsaye hannunsa cikin wata na'urar buga takardu da ta cije, wata matar soja a kansa tana yi masa faɗa ya ɓata mata lokaci, yana ba ta haƙuri. Ya ɗago, muka haɗa ido. Ya gane ni sarai. Ya mayar da kansa cikin na'urar, ni kuma na ce wa mai Keke mu tafi.